Cikin Kifin Ado Ya Kumbura: Shin Hana Shi Abinci Na Kwana Uku Zalunci Ne?

Tambaya

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mun saya wa ɗana mai shekara 9 wani ɗan kifin ado da ake kira beta, muna ajiye da shi a ƙaramar kwalbar gilashi a falo. Yau kwana huɗu ke nan cikinsa ya kumbura, yana iyo a karkace, wani lokaci ya taso saman ruwa ya kasa nutsewa. Wanda ya sayar mana da shi ya ce mu daina ba shi abinci har kwana uku. Ni kuwa zuciyata ta kasa natsuwa, saboda ina tuna hadisin matar da ta shiga wuta a dalilin kyanwa. Shi ma yaron sai kuka yake, yana fakar idona yana zuba masa abinci. Shin hana shi abincin ya halatta? Me ya kamata mu yi masa? In kuma ya ƙi warkewa, ya halatta a kashe shi don ya huta?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan tsoron Allah da ya sa kika tsaya tambaya a kan halittar da tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Hana wannan kifi abinci na kwana biyu ko uku da nufin magani halal ne, kuma idan yawan ci ne ya kumbura shi, to shi ne abin da ya dace a yi. Amma kafin nan sai an gane wane irin kumburi ne, domin ba duka ne yunwa ke warkarwa ba. Sannan akwai abin da ba ki tambaya ba wanda ya fi damun mu a cikin wasiƙarki, wato ƙaramar kwalbar nan.

Ajiye kifi don ado halal ne a asali. Malamai suna kafa hujja da hadisin Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, game da ƙaninsa Abu Umair da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya san da tsuntsun bai hana ba, da ya mutu ma ya riƙa tambayar yaron labarinsa don ya rarrashe shi. Wasu malamai sun ƙi tsare tsuntsu don kallo da sauraro kawai, amma mafi yawa sun halatta da sharaɗin a ciyar da shi, a shayar da shi, kada a cutar da shi. Kifi ma haka yake. Wanda ya ɗauko shi ya sa a gilashi ya toshe masa duk wata hanyar neman abinci da ruwa mai kyau, saboda haka nauyin duka biyun ya dawo wuyansa. Tunda ɗanki bai balaga ba, nauyin yana kan ku iyayensa, ko da ana cewa kifinsa ne.

Hadisin kyanwa da abin da yake nufi

Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda. Sai dai ki lura da abin da matar ta yi. Ta kulle kyanwar, ba ta ba ta ci ba, ba ta ba ta sha ba, ba ta kuma sake ta ta je ta nemi ƙwarin ƙasa ta ci ba, har ta mutu. Laifin shi ne tsarewa tare da wofintarwa har zuwa halaka. Mai dakatar da abinci don ciwo ya lafa, yana duba dabbar safe da yamma, yana shirye ya mayar mata da abinci da zarar ta samu sauƙi, ba wofintar da ita ya yi ba. Jinya yake yi, kuma ayyuka suna bin niyya.

Hana majinyaci abin da zai ƙara masa ciwo yana da asali a sunna. Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Ummul Munzir cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga gidanta tare da Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin Aliyu bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Suka tarar da dabino a rataye, Annabi ya ci, amma ya hana Aliyu saboda bai gama murmurewa ba. Da aka kawo abincin sha'ir da wani ganye, sai ya umarce shi da ya ci wannan domin ya fi dacewa da shi. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kan wannan babi na kame majinyaci daga abinci a littafinsa Zadul Ma'ad. A nan ne ma ya yi gargaɗi cewa maganar nan da ta yaɗu a bakin mutane, mai nuna cewa ciki ne gidan cuta, ba hadisi ba ce, maganar Haris ɗan Kalada ce, likitan Larabawa. Mun kawo wannan ne don kada a jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba, ko da ma'anarsa ta yi kyau.

Ta fuskar halitta kuma, kifi ba kamar kyanwa ko ɗan Adam yake ba. Jikinsa ba ya ƙona abinci don ya ɗumama kansa, zafin ruwan da yake ciki yake bi, don haka buƙatarsa ga abinci kaɗan ce ƙwarai. Baligin beta mai lafiya yakan yi mako guda bai ci ba kuma bai mutu ba. Kwana uku ba sa yi masa komai. Abin da yake cutar da shi a yanzu shi ne abincin da ake zuba masa a ɓoye.

Sanin kifin kafin a yi masa magani

Daga nan zuwa gaba ba fatawa ba ce, ilimin masu kiwon kifi ne da likitocin dabbobi, kuma shari'a ta umarce mu da mayar da kowane al'amari ga masaninsa.

Asalin beta daga ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta a kudu maso gabashin Asiya, inda yake rayuwa a fadamun shinkafa da ruwaye marasa zurfi masu ɗumi. A shekarar 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Sunansa a harshensu yana nufin kifi mai cizo, saboda maza biyu ba sa zama wuri ɗaya sai sun yi faɗa, kuma an daɗe ana haɗa su faɗa ana caca a kai. Wannan haramun ne ta fuska biyu, cacar da kuma cutar da dabba ba gaira ba dalili, don haka kada a taɓa sa wa yaro maza biyu a gilashi ɗaya. Abincinsa a daji ƙwari ne da tsutsar sauro, wato mai cin nama ne, hanjinsa gajere. Allah ya hore masa wata gaɓa a cikin kansa da yake shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa yake jure ruwan da wani kifin ba zai jure ba. Wannan juriya ita ta jawo masa wahala: masu sayarwa suna jera shi a kofuna, mai saye ya ɗauka ai kofi ya ishe shi. Yana jurewa ne kawai, ba daɗi yake ji ba.

Yadda za a gane nau'in kumburin

Ki tsaya ki dube shi ta gefe, sannan ki leƙa shi ta sama. Kallon ta sama shi ne mafi muhimmanci.

Idan ta sama jikinsa sumul yake, ɓawon jikinsa a kwance, kumburin kuma yana ƙasan kai ne kaɗai, daga gaba-gaba inda tumbinsa yake, to mafi yawa cushewar ciki ce saboda yawan ci. Irin wannan kifi idonsa garau, launinsa bai dusashe ba, yana zuwa da gudu idan ya ga mutum, sai dai kashi ya yi ƙaranci ko ya ɗauke. Iyo a karkacen da kika ambata yana da dalili. A cikin kifi akwai wata 'yar jakar iska da yake daidaita nauyinsa da ita a ruwa, ya taso ko ya nutse. Idan tumbi da hanji suka cika suka danne ta, sai ya kasa sarrafa ta, ya riƙa yawo a sama kamar gora ko ya kwanta a ƙasa. Ganin abin yana tayar da hankali, amma wannan nau'i shi ne mafi sauƙin warkewa, kuma bayaninki ya fi kama da shi.

Idan kuwa kika leƙa ta sama kika ga jikin duka ya buɗe ta gefe biyu, ɓawon ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, to al'amarin ya canza. Wannan taruwar ruwa ce a jiki, ba abinci ba ne. Jikin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka kullum ruwa yana tsattsafowa cikin jikinsa, ƙodarsa kuma tana fitar da shi ba dare ba rana. Ranar da ƙodar ta gaza, ko saboda ƙwayoyin cuta ko saboda ya daɗe cikin gurɓataccen ruwa, sai ruwan ya taru ya kumbura shi har ya tura ɓawon waje. Sau da yawa idanu ma sukan firfito, launi ya dusashe, ya daina ci, ya koma kusurwa ya lafe. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, mafi yawan kifin da ya kai wannan mataki ba ya tashi.

Akwai wasu dalilan da ba su kai waɗannan biyu yawa ba. Idan mace ce, ana gane ta da gajerun fikafikai da wani ɗan farin ɗigo a ƙasan ciki, to ƙila ƙwai ne ta tara, yawanci kuma takan zubar ko jikinta ya shanye su ba tare da an yi komai ba. Idan kumburin gefe ɗaya ne, yana girma a hankali cikin makonni, to ya fi kama da ƙari, wanda ba shi da magani a gida. Idan kuma ciki ya kumbura amma bayan kifin yana ramewa, kashinsa fari siriri kamar zare, ana zargin tsutsar ciki, kodayake kifin da ya kwana biyu bai ci ba ma yakan yi farin kashi, don haka kada a yanke hukunci da wannan alama ita kaɗai.

Jinyar cushewar ciki

A dakatar da abinci gaba ɗaya kwana biyu zuwa uku. Ki zaunar da yaron ki nuna masa cewa wannan shi ne maganin, ki ba shi labarin Aliyu da dabino, sannan ki ɗauke robar abincin ki ɓoye. Ki ba shi wani aikin da zai maye gurbin ciyarwar: shi ne mai duba ma'aunin zafi, shi ne mai leƙa ƙasan gilashi kowace safiya ya ga ko kifin ya yi kashi. Yaro idan aka ba shi aiki yakan daina satar hanya.

Sai ɗumin ruwa. Beta yana son ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sauka ƙasa da 24 narkewar abincinsa takan yi sanyi, abin da ya ci ya zauna a ciki. Wannan yana yawan faruwa a ɗakin da ake kwana da na'urar sanyaya iska, ko a daren hunturu, kuma ƙaramar kwalba ta fi saurin hucewa. Idan akwai ƙaramin hita na akwatin kifi a sa, idan babu a kai shi ɗaki mafi ɗumi a nisanta shi da taga. Kada a zuba masa ruwan zafi kai tsaye, sauyin zafi farat ɗaya ya fi sanyin illa.

Idan yana wahalar tasowa sama, a rage zurfin ruwan, domin dole ne ya kai bakinsa sama ya shaƙi iska.

Bayan kwana ukun a fara da ɗan abu kaɗan. Abin da ya fi dacewa shi ne wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira dafniya, ana sayar da su daskararru ko busassu a shagunan kifin ado, ɓawonsu yana taimaka wa hanji ya motsa. Za ki ji ana cewa a ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare. Wannan dabara ta fi dacewa da kifaye masu cin ganye, masu kiwon beta sun yi saɓani a kanta, mu dai muna ganin barin ta ya fi tunda shi mai cin nama ne.

Idan har lokacin kumburin bai sace ba, ana yi masa wanka da gishirin Epsom, wanda ake samu a kantin magani. A narkar da babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa mai zafi daidai da na gilashinsa, a wani mazubi daban, a sa shi minti 10 zuwa 15 ana tsaye a kansa, sannan a mayar da shi. Idan ya kife ko ya daina motsi a cire shi nan take. A tabbata gishirin zalla ne, ba mai turare ko launi ba. Gishirin miya ba ya maye gurbinsa, kanwa kuwa kada ma a kusantar da ita, tana sauya yanayin ruwan ta ƙone masa wurin numfashi.

Idan ya warke, ƙa'idar ciyarwa ita ce ƙwaya biyu zuwa huɗu, gwargwadon girmansu, sau ɗaya ko biyu a rana. Masu kiwo sukan ce a ƙaddara tumbinsa kamar girman idonsa. Busasshen abinci a jiƙa shi kaɗan kafin a ba shi, abin da ya rage a ruwa a kwashe, kuma da yawa suna hutar da shi rana ɗaya a mako. Kada roƙonsa ya yaudare ku. Beta ko ya ƙoshi zai zo gaban gilashi yana rawa, a daji bai saba da samun abinci kullum ba, duk abin da ya gani haɗiyewa yake.

Maganar kwalba

A nan ne muke ganin hadisin kyanwa ya fi kusa da mu, ba a kwana ukun yunwa ba. Kifi yana fitar da wani guba mai suna amoniya ta wurin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su ƙara shi. A kogi ruwa yana tafiya da shi. A kwalbar lita ɗaya ko biyu kuwa yana taruwa cikin kwana kaɗan, ruwan kuma ya kasance garau a ido, mai gida bai san komai ba. Wannan shi ne yake raunana kifin a hankali har cutar taruwar ruwa ta samu ƙofa. Wanda ya bar shi a haka bayan ya sani, ya hana shi abin da yake a matsayin iska da ruwan sha a gare shi.

Masana suna ba da shawarar akwatin gilashi mai ɗaukar kimanin lita 20, da matata mai tafiyar da ruwa a hankali, da murfi domin yana tsalle. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Kafin ku samu wannan, a ƙaramar kwalba sai an riƙa canza kusan rabin ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin mai kashe kifi, akwai ɗigon magani da ake sayarwa don kawar da shi. Kada a wanke gilashin ko duwatsun ciki da sabulu, kada kuma a wanke soson matata da ruwan famfo, a ɗauraye shi da tsohon ruwan da aka kwasa, domin akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a jikinsa da suke cinye amoniyar. Wanda ya ga ba zai iya wannan hidima ba, ya ba wa wanda zai iya. Kada ya sake shi a kogi ko kududdufi.

Idan taruwar ruwa ce

A ware shi shi kaɗai cikin ruwa mai tsabta da ɗumi, a yi masa wankan gishirin Epsom don rage kumburin, a nemi likitan dabbobi ko ƙwararren mai kiwo. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka yi don kifi, kamar kanamaisin, sukan yi amfani idan an fara da wuri, kafin ɓawo ya gama miƙewa. Kada a fasa kafso na mutane a zuba a ruwa bisa kintace. Neman magani ga dabba abin lada ne, kamar yadda hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa ya nuna, amma shari'a ba ta ɗora wa mutum ya kashe abin da ya fi ƙarfinsa ba. Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi cikin ruwan kifi mara lafiya, domin wasu ƙwayoyin cutar kifi suna kama fatar mutum, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Kashe shi don ya huta

Malamai sun yi saɓani a kan kashe dabbar da aka fid da rai da ita. Malikiyya sun halatta yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna daga rayuwarta don a hutar da ita, Shaihu Khalil ya ambaci haka a Mukhtasar. Shafi'iyya sun hana wannan a dabbar da ba a ci, amma su ma a kan kifi sun ce an so a yanka babban kifin da zai daɗe bai mutu ba don a sauƙaƙa masa. Abin da muke gani shi ne, idan ɓawo ya miƙe, ya daina ci kwanaki, yana kwance yana haki ya kasa kai bakinsa sama, an gwada magani bai yi ba, to babu laifi a hutar da shi, babu laifi kuma a bar shi cikin ruwa mai tsabta har ajalinsa ya zo. Abin da bai halatta ba shi ne a kashe shi don an gaji da shi, ko a kashe mai cushewar ciki wanda kwana uku za su warkar.

Idan za a yi, to a kyautata, kamar yadda hadisin Shaddad ɗan Aus a Sahihu Muslim ya wajabta kyautatawa ko a wajen kisa. Kada a jefa shi a masai da ransa, ko a sa shi a firiji, ko a zuba masa tafasasshen ruwa, ko a bar shi a tudu ya bushe. Hanyar da ake bi a gida ita ce man kanumfari. A samu kimanin rabin mililita ga kowace lita ɗaya, a girgiza shi sosai da ɗan ruwan ɗumi a ƙaramar kwalba, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin mazubin da kifin yake a tsawon minti biyar. Zai yi barci tukuna, sannan numfashi ya tsaya. A bar shi rabin awa bayan motsin numfashi ya ɗauke don a tabbatar. Wasu suna cewa a ƙara barasa, babu buƙatar wannan, man kanumfarin ya wadatar. Ya fi kyau babba ya yi shi ba a gaban yaro ba.

Mushen kifi mai tsarki ne, saboda haka ruwan da ya mutu a ciki bai zama najasa ba, in ya taɓa tufafi ana salla da su. A binne shi ko a naɗe a jefa a shara, kada a ba kyanwa ko kaji saboda maganin da ya sha.

Game da naku kifin, ki leƙa shi ta sama yau ɗin nan. In ɓawonsa a kwance yake, ki fara ƙirga kwana ukun daga ranar da yaron ya daina zuba masa abinci, ba daga ranar da mai sayarwa ya faɗa ba, ki kuma canza rabin ruwan kafin dare. Allah ya ba shi lafiya, ya raya muku yaron bisa tausayi.

Allah ne Mafi sani.